Kada makulli ya bar hannunka sai kuɗi sun zauna: jagora ga mai sayar da motarsa da kansa

Wani maƙwabcinmu a unguwar Mabera da ke Sakkwato, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya ɗaga Corolla ɗinsa zai sayar saboda kayan ɗakin 'yarsa. Ɗansa ya ɗauki hotuna ya sa a Facebook. Ranar wata Juma'a, rana ta yi ja ana haramar magariba, sai ga mutum biyu, ɗaya da babbar riga ta shadda da carbi a hannu. Suka zagaya mota, suka buɗe bonet, aka taya, Malam ya ce albarka, aka ƙara, ya sallama. Mai babbar riga ya danna waya, ba a yi minti ɗaya ba wayar Malam ta yi ƙara. Saƙo ya shigo da sunan bankinsa, a ƙarƙashin tsofaffin saƙonnin fanshonsa. Ya miƙa makulli da takardu, har da rakiya zuwa bakin titi. Ranar Litinin a banki aka juyo masa da fuskar kwamfuta: ko sisi bai shigo ba.

Da na je jaje, ya ce mini, "Wallahi raina ya ba ni in duba, amma na ji nauyin mutumin. Dattijo kamar wanga, in ce mishi ban yarda da alat ɗinai ba?"

To, a nan gizo ke saƙa. Ɓarawon bai taɓa bankin Malam ba, bai saci lambar sirrinsa ba. Da kunyar Malam ya yi aiki, da kuma lokacin da ya zaɓa. Mu a Sakkwato an tashe mu da kara da ganin girman baƙo, kuma ba na fatan mu rabu da wannan tarbiyya. Abin da nake so shi ne ka tsara cinikin tun farko, yadda ba za ka taɓa shiga halin da sai ka zaɓa tsakanin kunya da motarka ba.

## Kafin ka sa talla

Fara da asusun da za a biya ka a ciki. Asusai a Najeriya hawa uku ne. Na hawan farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000, na biyu ba ya wuce 500,000, na uku ne ba shi da wannan iyaka. Mutane da yawa sun buɗe asusu ta waya suna harkar yau da gobe da shi, ba su san a wane hawa yake ba sai ranar da miliyoyi suka nufo shi, kuɗin suka koma ko suka maƙale. A cikin irin wannan ruɗani ake cewa "ai ka ga an cire mini, ba ni makulli". Je banki da BVN da NIN da shaidar adireshinka, a ɗaga maka asusun. Ka kuma tabbatar kana iya duba kuɗinka da kanka, ta manhajar banki ko ta lambar bugawa irin su *894# ko *919# ko *737#, gwargwadon bankinka. Gwada yau, kada ka bari sai gaban mai saye.

Sai takardu: takardar kwastan, lasin, shaidar mallaka, inshora, da takardar cinikin da kai ma ka saye ta da ita. Yi kwafi biyu, ka adana na asali a gida. Kada ka tura hoton takardun ga kowa ta WhatsApp, ko da ya ce so yake ya tantance. Mai son tantancewa ya zo ya gani da idonsa, ya gwada lambar casis mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin motar da wadda ke takarda.

Wajen ɗaukar hoto, rufe lambar motar, kada kuma ka ɗauka a ƙofar gidanka. Rubuta lambar wayarka a tsakiyar kowane hoto, a kan jikin motar, inda ba a iya yanke ta. Za ka ga dalili nan gaba.

Idan motar gado ce, a tabbatar duk magada sun amince, a rubuce, kafin a sa talla. Mata da ke sayar da motar mijin da ya rasu su ne aka fi rainawa a irin wannan ciniki, don ana ganin suna cikin jimami da buƙata. Ki nemi ɗan'uwa mai tsayayyen ido ya tsaya tare da ke daga farko har ƙarshe.

## Kiran farko: faɗi sharaɗinka tun kafin a ga juna

Sharaɗin da ka faɗa a waya kafin haɗuwa tsari ne, ba wanda zai ji haushinsa. In ka bari sai mutum ya nuna maka alat sannan ka kawo shi, ya zama tuhuma. Saboda haka tun a kiran farko, bayan gaisuwa, ka ce:

"Alhaji, ka yi haƙuri, haka nika yi da kowa. Cikin banki za mu gama, ranar aiki, da safe. Kuɗɗi su fito daga asusun da ke da sunanka. In sun zamna, ga makulli ga takardu."

Mai saye na gaskiya daɗi zai ji, don shi ma tsoron motar sata yake. Wanda ya fara kawo uzuri ya rage maka aiki.

Akwai waɗanda daga muryarsu za ka gane. Mutumin da bai ga mota ba, bai nemi ragi ba, ya ce ya saya, ka yi hattara. Bahaushe ba ya sayen akuya bai taya ba, balle mota. Haka mai cewa yana Abuja ko Legas, ko shi soja ne a bakin daga, direbansa zai zo ya ɗauka, amma ka fara tura wa mai jigila kuɗin hanya za a haɗa maka a cikin biya. Mai sayarwa karɓa yake yi. Duk cinikin da aka ce kai za ka fara tura wani abu, bar shi.

Abu uku kawai mai biya yake buƙata: sunan banki, sunanka, da lambar asusu mai lamba 10. Ba ya buƙatar BVN, ko lambobin katin ATM, ko lambar da aka turo maka ta saƙo. In ya ce zai turo wata lamba ka karanto masa don ya tabbatar kai ne mai motar, lambar shiga WhatsApp ɗinka ce mai lamba 6, ko kuma ta cire kuɗi daga asusunka. In ya turo wani adireshin intanet ya ce ka danna don karɓar kuɗi, kada ka danna. Kuɗi ba sa neman izininka kafin su shigo.

## Tambaya biyu ga duk wanda ya zo ganin mota

Wannan damfarar ta fi alat na bogi wayo, kuma ita ta fi ba ni tsoro, don duk mutanen da ke tsaye a gaban motar masu gaskiya ne. Ɓarawon ba ya wurin.

Ga yadda take. A ce ka sa motarka miliyan 7. Wani ya kwashe hotunanka ya sake sa talla da lambar wayarsa, ya ce miliyan 5, sayarwar gaggawa. Wani bawan Allah daga Birnin Kebbi ko Gusau ya gani ya kira shi. Sai ɓarawon ya kira ka a matsayin mai saye: "Na yarda da kuɗinka. Ƙanena zai zo da makanike su duba. Don Allah kada ka yi maganar kuɗi da shi, ni zan saya masa, ba na so ya san nawa na kashe." Ya juya ya ce wa wancan: "Yarona ke riƙe da motar. Je ka duba, amma kada ka yi maganar kuɗi da shi, bai san na karya farashi ba." Mutumin ya zo, mota ta yi masa, takardu sun cika, ya koma gefe ya tura miliyan 5 zuwa asusun da aka ba shi a waya. Ya dawo ya miƙo hannu a ba shi makulli. Kai ba ka ga kuɗi ba, shi kuwa ga rasit na gaskiya a hannunsa. Wayar wanda ya haɗa ku a kashe. Daga nan sai ofishin 'yan sanda, kuma sau da yawa motar takan kwana can har a gama bincike.

Duk ginin ya tsaya ne a kan kalma ɗaya, "kada ka yi maganar kuɗi". Kai kuwa ka yi ta. Duk wanda ya zo, kafin a buɗe bonet, tambaye shi: wa ya turo ka, kuma nawa aka ce maka? Sannan ka faɗa da bakinka a gaban kowa: ni ne mai motar, ga sunana a takarda, ga kuɗinta, kuma asusun da ke da wannan suna kaɗai za a biya. Ko dillalin da ka sani ne ya kawo mutum, haka za ka yi. La'adarsa haƙƙinsa ce, ku yanke ta tun farko ka biya shi daga hannunka, amma kuɗin mota kada su bi ta asusunsa.

## Dubawa da gwaji

Ku haɗu da rana, a wuri mai jama'a, kana tare da mutum ɗaya ko biyu. In mai saye yana son makanikensa na garejin Buzaye ko J. Allen ya duba, ku tafi tare. Wajen gwaji kana ciki, ɗan'uwanka na baya, kuma kai ke faɗin hanyar da za a bi. In za ku canja mazauni, kashe mota ka zare makulli kafin ka fita. Makulli na biyu da takardun asali suna gida.

## Ranar biya

Zaɓi Litinin zuwa Alhamis, da hantsi, a reshen bankinka; ga su nan jere a Kano Road. Yammacin Juma'a da daren salla da ranakun hutu lokutan 'yan damfara ne, don sun san za a yi kwanaki kafin ka ga ma'aikacin banki.

Yana da kyau ka san abin da ke faruwa in an tura kuɗi. Tiransifa tsakanin bankuna tana bi ta hannun NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, a kan tsarin biya na nan take da aka fara a 2011, kuma in komai lafiya, daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintuna. Alat saƙo ne kawai da banki ke aikowa bayan haka. Ana iya ƙirƙirar saƙo a sa masa sunan banki, waya kuma ta jera shi tare da saƙonnin bankin na gaskiya, kamar yadda ya faru da Malam. Rasit ɗin da ake nunawa a fuskar waya ko a turo ta WhatsApp hoto ne, akwai manhajojin da aikinsu ke nan, su zana shi da tambarin banki da komai. Wasu na cewa a duba ragowar kuɗin da ke ƙasan saƙon, tunda ɓarawo bai san nawa ke asusunka ba. Dabara ce, amma kada ka dogara da ita. Mutumin da ya leƙa wayarka, ko ya ji ka ce asusun ba komai a ciki, ya gama lissafinsa.

Ga abin da za ka yi, bi da bi. Buɗe manhajar bankinka a wayarka, da hannunka, ka rufe ta ka sake buɗewa. Duba jerin kuɗin da suka shigo, ka ga adadin da sunan wanda ya turo. Sannan ka je kanta a buga maka sitetimen na ranar, a sa hatimi. In kana son ƙarin natsuwa, tura wani kaso mai kauri daga kuɗin zuwa wani asusunka na daban. Kuɗin da ba su zauna ba ba sa motsawa.

Wannan gwaji na ƙarshe ya fi amfani a kan caki. In wani ya zuba caki a asusunka, kana iya samun alat na gaskiya daga bankinka na gaskiya, adadin ya fito a rubuce, alhali ba a wanke cakin ba tukuna. Manhaja kan nuna adadi biyu, wanda aka rubuta a littafi da wanda za ka iya cirewa; na biyun shi ne naka. In cakin ya dawo, adadin farko ya ɓace. Dokar 1977 ta sa ɗaurin shekara biyu ga mai ba da cakin da ba kuɗi a bayansa, sai dai ɗaurinsa ba ya dawo maka da mota. Ni shawarata kada ka karɓi caki ko diraf daga wanda ba ka sani ba. In ya zama dole, mota na hannunka har banki ya ce kuɗin sun zama naka.

Za ka ji ana cewa, "Ga shi an cire mini, netwok ne." Yana iya zama gaskiya, duk mun sha wannan. Amsar ɗaya ce ko gaskiya ne ko ƙarya: kowace tiransifa tana da lambar shaida mai lamba 30, ya ɗauke ta ya kai wa bankinsa su bi sawu. In kuɗin sun iso, ya zo ya ɗauki motarsa. In sun koma masa, ya sake turowa. Kada ka karɓi katin shaida ko wata waya ko rantsuwa a matsayin jingina.

Kula da kafin alƙalami ma. Wata dabarar ita ce a turo maka 50,000 na gaskiya yau, ka duba ka gani, zuciyarka ta kwanta. Gobe a turo cikon miliyoyin da alat na bogi, kai kuma ka riga ka yarda da mutumin. Kowane biya da nasa dubawar. Haka in iyakar da bankinsa ya sa masa ta sa dole ya biya kashi-kashi, ko cikin kwana biyu: tara lissafi da biro, sai naira ta ƙarshe ta shigo.

## Kuɗi na gaskiya ma suna iya zama masifa

Wannan ɓangaren mutane ba su cika kula da shi ba. Kuɗi sun shigo, ka gani, ka cire ma, amma sunan da ya turo daban da na mutumin da ke gabanka. Ya ce asusun maigidansa ne, ko na matarsa, ko mai POS ne ya tura masa. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa kuma asusun wani aka kutsa aka kwaso, ko kuɗin wata ta'asa ne ake son a mayar da su mota. A yankinmu ba sai na fassara wannan ba. Ranar da mai kuɗin ya kai ƙara, sawun zai biyo har asusunka, a sa masa takunkumin da ma'aikatan banki ke kira PND, ba ka iya cire ko kuɗin cefane. Mota ta tafi, kai ke amsa tambayoyi.

Saboda haka suna uku su zama ɗaya: na katin shaidar mai saye, na asusun da ya turo, da na takardar ciniki. In da gaske wani ne zai biya masa, mai asusun ya zo da kansa da katinsa ya sa hannu, a rubuta cewa shi ya biya a madadin wane.

In an turo fiye da kuɗin mota aka ce kuskure ne, ka mayar da rarar zuwa wani asusu, kada ka taɓa. Shiga wurin ma'aikacin banki ka yi bayani a rubuce, su mayar ta inda ta fito.

Masu zuwa da tsaba a jaka kuwa, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Ko ba ta kai haka ba, kada ka ƙirga a mota ko a zaure. Ku shiga banki, injin ya ƙirga, ma'aikaci ya tantance jabu, a zuba a asusunka da sunan mai saye a kan takardar zubawa.

## Rubutu da shaidu

Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta umurce mu da kafa shaidu idan muka yi ciniki. Ba wanda zai ce ka raina shi don ka bi wannan. A rubuta sunayenku da adireshi da lambar waya, irin motar da launinta, lambar mota, lambar casis da ta inji, kuɗin da aka biya da hanyar da aka biya, da cewa mai saye ya duba ya karɓa a yadda take. A sa kwanan wata har da ƙarfe nawa aka miƙa makulli, domin abin da ya faru da motar bayan wannan sa'a ba naka ba ne. Shaida biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Manna kwafin katin shaidarsa, ku ɗauki hoto tare a gaban motar. In kuɗin da yawa, abin da lauya zai karɓa ya rubuta muku bai kai ciwon kan rashinsa ba.

Sannan ku nufi ofishin lasin na hukumar tara harajin jiha a fara canja sunan mallaka, a ranar in zai yiwu. Muddin sunanka na kan rajista, in aka yi haɗari aka gudu, ko aka kama motar da abin da bai dace ba, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

## In abin ya riga ya faru

Kada kunya ta sa ka kwana da shi. Daga Sakkwato zuwa iyakar Illela tafiyar ba ta kai awa biyu ba, kuma motar da ba ta tsallaka ba ana iya wargaza ta a sayar da kayanta cikin kwana ɗaya. Je ofishin 'yan sanda mafi kusa nan take da kwafin takardunka, ka ba da lambar mota da ta casis. Baza labari ga dillalan mota da makanikai da shugabannin tasha, su ne idon gari a wannan harka. Kada ka goge komai: saƙon alat, hirar WhatsApp, lambobin da suka kira ka, hoton tallar. Sanar da bankinka a rubuce ka karɓi shaidar sun karɓa, sannan ka kai koke ofishin EFCC na shiyya da ke nan Sakkwato. In asusunka aka rufe saboda kuɗin da aka biya ka, takardar ciniki da kwafin katin mai saye da sitetimen mai hatimi su ne za su yi maka magana. In banki ya yi mako biyu bai warware kokenka ba, kana da damar kai shi sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

In kuwa ciniki ya tafi lafiya, sauke tallar daga duk inda ka sa ta a ranar, ka ce wa 'yan'uwan da suka taya ka yaɗawa su ma su goge, don hotunan motar da aka riga aka sayar ma ana damfara da su. Takardar cinikin da sitetimen ɗin kuma ka sa su a leda, ka ajiye inda kake ajiye takardar gida.